Maratayin Bindigar Kawu Idi

A shekarun da aka hana fita, tun la'asar sakaliya ake rufe ƙofar gidanmu na Gwange. Kawu Idi ne mai rufewa. Ya zura sakata, ya gangaro da tsohon turmi ya tokare, sannan ya dawo tsakar gida ya zauna yana kallon katanga. Daga nan ba mai sake leƙa waje sai gari ya waye, ko da akuyarmu ce ta makara a titi tana kuka. Masallaci na bayan gidanmu, amma magariba da isha'i kowa a ɗakinsa yake yin su. Wutar lantarki kuwa har mun manta inda makunninta yake. Abin da ya rage mana na haske da na hira shi ne murhun Kaka.

Kaka Dije ita ta haifi Ummanmu, ta haifi Kawu Idi. Bakanuwa ce, aure ya kawo ta Maiduguri tun tana da ƙuruciya, ta zauna har harshenta ya ɗan karkata. In tana gaisawa da maƙwabta ta kan katanga, "wushe, wushe" ɗinta ba ka raba shi da na 'yan gari. Ni da ƙanena Habu da Umma mun tare a gidanta ne saboda Babanmu direban babbar mota ne, hanya ta rufe yana Kano, layin waya kuma an katse. Ina 'yar firamare a lokacin, makarantar ma a rufe take. Sai Anti Yagana, matar Kawu, da tsohon cikinta, tana tafiya tana dafa bango.

Itace ya yi wuya, domin masu shiga daji su saro shi ba kullum suke dawowa ba. Saboda haka Kaka ba ta yarda a hura wuta don hira. Garwashin da ya rage bayan an sauke tuwo shi take tattarawa wuri guda da guntun kwano, ta barbaɗa masa ɗan turaren wuta, wai ko tsoro ne ya shigo ya tarar gida na ƙamshi, ya ji kunya. Sai mu matso mu kewaye ta. Tana da yadda take buɗe tatsuniya a wancan zamani.

"Ga ta nan, ta tsallako katanga."

Mu kuma mu ce, "Ta sauko mu ji ta."

Idan aka yi harbi a nesa, sai ta yi shiru, ta ɗora hannu a kan Habu. Da ƙarar ta lafa, sai ta ɗauko maganar daidai kalmar da ta tsaya, kamar tari ne ya katse ta. Ban taɓa jin ta ce mana kada mu ji tsoro ba. Ci gaba da labarin kawai take yi.

Kawu Idi ba ya cikin masu sauraro. Yakan zauna can gefe a kan buhun da ba komai a ciki. Sana'arsa fata ce a Kasuwar Shanu, gadon mahaifinsa: ya sayi ƙirgi wurin mahauta, ya sa gishiri, ya shanya, ya sayar wa masu kaiwa Kano. Da aka rufe kasuwar sai ya zama ba shi da wurin zuwa. Namiji mai jini a jika a unguwa irin tamu, a wancan lokaci, gaba kura ne baya sayaki. In ya fita a tambaye shi ina za shi, in ya zauna a tambaye shi me yake ɓoyewa. In aka zo bincike, irinsu ake fara fitarwa a zaunar a rana. Mutanen daji masu tayar da rikicin kuma suna aiko wa samari saƙo, wanda ya ƙi amsawa sun san ƙofar gidansu. Na sha ganin Kawu yana zagaya tsakar gida daga bakin rijiya zuwa zaure, ya dawo, ya koma, har Umma ta ce, "Idi, don Allah ka zauna, kana sa ni jiri."

Maƙwabcinmu Ba Modu tsoho ne mai sayar da itace. Wata safiya ya fita da amalanke shi da ɗansa, da yamma amalanken kaɗai aka turo gida. Bayan an yi zaman makoki, Bulama, mai unguwarmu, ya tara maza ya gaya musu an yarda maharba da 'ya'yan maharba su fito, su riƙa raka masu itace da manoma. Kawu ya dawo daga taron. Ya ɗauki fartanya ya nufi bayan madafa ya fara tono.

Ashe bindigar kakanmu ce a binne a wurin. Bindigar toka ce, doguwa, wadda ya yi farauta da ita kafin ya kama sana'ar fata. Tun farkon rikici Kaka ta sa aka naɗe ta a leda da buhu aka binne, don kowa ya san abin da ke samun gidan da aka ga bindiga. Ƙarfen bai yi komai ba, an shafe shi da baƙin mai. Zoben gaba, na kusa da baki, inda ake zura maratayi, yana nan daram. Amma katakon gindin ya sha danshi, zoben baya ya ci tsatsa. Da Kawu ya ɗan ja shi, sai ya fito da guntun ruɓaɓɓen itace a jikinsa, kamar haƙorin tsoho.

"Bindigar da ba ta ratayuwa kaya ce," in ji shi. "A daji mutum na buƙatar hannunsa biyu."

Washegari da hantsi ya je wurin maƙeri. Da yamma, bayan an rufe ƙofa an ci tuwo, karon farko ya jawo tabarma ya zauna tare da mu a bakin murhu, bindigar a kan cinyarsa. Ya zube ƙawanyar ƙarfe sabuwa da kusa mai murɗi wadda maƙerin ya yi masa. A gefensa akwai kwano, ya jiƙa siririn tsagin ƙirgi a ciki tun azahar. Anti Yagana kuma ta fito daga ɗaki ta ajiye masa wata ƙugiya mai baki, irin wadda ake dannawa ta buɗe. Daga jakar lefenta ta yanko ta.

"Malam, ka sa wannan," ta ce. "In ka dawo gida ka danna ka cire, ka huta."

Ya ɗauki ƙugiyar ya kaɗa ta a jikin ƙawanyar. Ta yi ƙyal-ƙyal, har Habu ya yi dariya. Kawu bai yi ba.

"Kin ji? Wannan ƙarar a daji sallama ce. Kafin in ga mutum ya ji ni."

Ya ajiye ta. Tsohon ramin zoben ya ruɓe, ba zai riƙe komai ba, sai an huda sabo. Ya auna yatsu daga ƙarshen gindin, ya yi alama da farce, ya tura wata doguwar kusa cikin garwashin Kaka har ta yi ja. Ya riƙe ta da tsumma ya dasa a kan alamar. Hayaƙi ya tashi, ƙaurin tsohon katako ya danne ƙamshin turare. Sannan ya fara murɗa ƙawanyar a ramin, a hankali, yana cije leɓe. Tana gab da zama sai muka ji ƙas. Ya tsaya. Ya kai gindin kusa da garwashi, muka ga tsaga siririya kamar gashi ta taso daga ramin ta nufi sama. Ya warware ƙawanyar ya jefa ta a tabarma.

"Katakon ya gaji. In na matsa, rabewa zai yi."

Sai ya tsamo ƙirgin daga kwano. Ya yi laushi kamar tsumma. Ya naɗa shi a wuyan gindin, inda katakon ya tsuke, ya zura wutsiyar maratayin ta ƙarƙashinsa, ya ƙara naɗi, ya taka ƙarshe ɗaya da ƙafa yana ja da hannu biyu har ruwa na tsiyaya. Ya ɗauko basilla ya fara ɗinkewa. Aikin fata aikinsa ne, hannunsa ba ya kuskure. Yana yi yana yi wa Anti Yagana bayani, kamar mai lallashi: ba ya ƙara, ba ya tsatsa, in ya bushe zai matse tsagar nan ma ya hana ta tafiya.

"To in kana son cirewa fa?" ta tambaya.

"In ya bushe, ko ni ban isa in kwance shi ba."

Duk wannan abin Kaka tana ta juya garwashi da tsinke. Sai a lokacin ta ɗago.

"Ga ta nan, ta tsallako katanga."

Muka amsa, ni da Habu. Kawu ya ci gaba da ɗinki.

Ta ce an yi wani maharbi wai shi Jatau. Wata rana ɓauna ta koro shi, maratayin bindigarsa ya kwance ta baya, bindiga ta faɗi, ya shigo gari hannu rabbana. Yara suka mayar da shi waƙa. Abin ya ci masa rai, har ya rantse ba abin da zai sake raba shi da bindiga. Ya je wurin maƙeri ya ce a yi masa zoben baya wanda ba shi da baki. Maƙeri ya ce, "Jatau, kowane zobe ana bar masa inda za a buɗe." Ya ce shi dai a narke nasa a haɗe. Aka narke. Ya samo ƙirgin ɓauna ɗanye, ya rataya bindigar a bayansa, ya sa aka ɗinke maratayin a jikinsa, daga kafaɗa ya ratsa ƙirji zuwa ƙugu. Rana ta yi ta duka, ƙirgi ya bushe ya kama shi.

Da farko, in ji Kaka, abin ya yi masa daɗi. Ya yi gudu da ita, ya haye kogi da ita, ba ta motsa. Nama ya yi yawa a gidansa, yara suka daina waƙa. Amma in zai kwanta sai dai rub-da-ciki. In zai shiga ɗaki sai ya karkace. 'Yarsa ta ce ya goya ta, ya ce bayansa da mai shi. Aka daina gayyatarsa suna da ɗaurin aure, don ba mai son zama kusa da bakin bindiga. Matarsa Lami ta yi magana har ta gaji.

Ran nan yana bin sawun barewa a wani kufai, sai ya taka ciyawa, ashe tsohuwar rijiya ce a rufe. Ya rufta. Amma bindigar doguwa ce, bakin rijiyar kuma ƙarami, sai ta gitta ta maƙale tsakanin duwatsu. Jatau ya tsaya yana lilo a ƙarƙashinta, maratayi na riƙe da ƙirjinsa. Sama ba hawa, ƙasa ba a ganin iyaka.

"Me ya sa bai yanke da wuƙa ba?" Habu ya tambaya.

"Ƙirgin ɓauna da ya shekara a rana? Wuƙa ta gan shi ta ce a gai da gida. Kuma in ya yanke, ina zai faɗa?"

Daga nan ta canja murya, ta yi ta can ƙasa kamar daga cikin tulu, tana rera kiran Jatau:

"Mai wucewa, leƙo, leƙo,
Abin da na ɗaure ya ɗaure ni."

Kura ta leƙo, ta ga bakin bindiga, ta ce ita tana sauri. Dila ya leƙo ya ce zai je ya kira mutane, bai dawo ba. Makiyayi ya leƙo, ya kama bindigar zai ja, Jatau ya yi ihu ya ce in ta goce sun tafi tare. Kaka ta iya muryar kowa, ranar ma ta yi su duka, amma ba ta tsaya mu yi dariya ba kamar yadda ta saba. Ta ce a ƙarshe Lami ce ta bi sawunsa ta iso, da igiyar guga a kafaɗa da gatari a hannu. Ta ɗaure igiyar a gindin bishiya ta jefa masa, ya kama. Amma da ya yunƙura zai hau, sai bindiga ta tare bakin rijiya, maratayi ya mayar da shi. Lami ta duba gaba ta duba baya, ba ƙulli, ba baki. Ta ce, "Maigida, hanya ɗaya ce. Ka riƙe igiya da kyau, in sare gindin bindigar, zoben ya fita." Jatau ya ɗaga kai ya dubi bindigarsa ya ce ta bari sai gobe. Gobe ta yi, ya ce sai jibi.

Kaka ta yi shiru. Ba harbi aka yi ba, shiru kawai ta yi.

"Ya yarda?" na tambaya. "Kaka, ya yarda ta sare?"

"Ku tambayi kawunku. Ni dai abin da tsofaffi suka gaya mini, duk abin da za ka ɗaura a jikinka, ka fara tambayar ta ina ake kwance shi."

Basillar ta tsaya a hannun Kawu. Umma ta sunkuyar da kai, Anti Yagana ta ja gyalenta ta rufe baki. Da ya yi magana, a hankali ya yi ta, ba gardama a ciki.

"Iya, ai da ba don maratayin ba, da tuni yana ƙasan rijiya."

Na zuba wa Kaka ido ina jiran amsa, don ban taɓa ganin an kayar da ita a magana ba. Ta dubi ɗanta, ta dubi garwashin da ya fara yin toka.

"Haka ne," ta ce. "Wallahi haka ne, Idirisu."

Ba ta rufe tatsuniyar ba ranar. Ta miƙe da ƙyar ta shiga ɗaki, ta bar mu da shi yana ƙarasa ɗinkinsa.

Ya jingine bindigar a bango inda rana ke bugawa, don ƙirgin ya bushe. Kwanakin nan na lura duk sanda Kaka za ta wuce sai ta kai yatsa ta latsa shi. Ranar da ta latsa bai lotsa ba, ta ƙwanƙwasa shi da farce ya yi ƙara kamar itace, sai ta shiga madafa ta dama masa fura mai yawa ta ɗura a gora. Da safe ya rataya bindigarsa, ya durƙusa a gabanta, ta dafa kansa ta yi addu'a mai tsawo. Daga ranar Umma ce ke gangaro da turmi ta tokare ƙofa.

Mun dame ta a kan ƙarshen labarin Jatau, har wani dare ta ce, "To, ya yarda. Lami ta sare, ya fito, ya koma noma, ya goya 'yarsa. Na ajiye ta nan, mai tashi da wuri ya ɗauka." Habu ya yi tafi. Ni kuwa ko a lokacin na ji ba ta sa muryar kowa a ciki ba. Faɗa kawai ta yi don mu ƙyale ta.

Kawu yakan yi kwanaki a waje ya dawo ya kwana biyu ya koma. Itace ya fara shigowa gari, daga baya wake da gero. Anti Yagana ta haihu ba ya nan. Ranar suna ya iso ana gab da raɗa wa yarinya suna, ƙura har gira, bindiga a kafaɗa. Ya cire ta ya jingine a zaure, amma na ga yadda yake waiwayenta a kai a kai, da yadda mutane suka bar masa fili a tabarma fiye da yadda yake buƙata.

Sannu a hankali gari ya buɗe. Babanmu ya dawo, muka koma namu gidan, na koma makaranta. Kaka ta rasu a ɗakinta bayan an daina rufe ƙofa da la'asar. Na koyi ɗinki, na yi aure, yanzu ina da ɗan shago a Mairi inda nake ɗinka jakunkunan goyo, yawanci ɗaliban jami'a ke saye.

Kawu Idi bai dawo ba, ko da yake kullum muna ganinsa. Da aka buɗe Kasuwar Shanu ya koma sana'arsa, ya ce ya gama. Bai yi nisa ba. Ya kasa zama inda mutane ke wucewa ta bayansa, in bijimi ya ture kwano sai a gan shi a tsaye. Ga kuma manoma da ke sallama a ƙofar gida da zarar damina ta faɗi. Sun san shi, ya san hanyoyin, ya san inda ake tsayawa a saurara. Sukan ce in ba da shi ba, ba za su shiga gona ba. Kowace shekara yakan ce wa Anti Yagana in an gama girbi zai ajiye. Yarinyar da aka haifa ba ya nan yanzu tana sakandare.

Kwanan baya ya zo shagona da hantsi da wani dogon abu a naɗe cikin buhu. Bindiga ce, amma ba ta kakanmu ba ce, wata ce mai harsashi da aka ba su daga baya. Ya ce ya diro daga mota maratayin ya kama ƙarfe, ƙawanyar baya ta tumɓuke da kusarta, ramin ya yi faɗi ba zai sake riƙewa ba. Yatsunsa kuma sun daina jan ƙirgi kamar da.

"Rakiya, ke ce mai keken da ke cin abu mai kauri. Ki duba mini."

Da ya zame wuyan rigarsa don in auna, na ga kafaɗarsa. Inda maratayi ke zama ya yi baƙi ya yi kanta, fatar ta lotsa kamar wuyan san noma. Na juya na yi kamar ina neman almakashi.

Na yanka masa maratayi mai faɗi daga igiyar da nake yi wa jakunkuna hannu, na sa soso a ciki daidai kafaɗa. Na ɗinka wata 'yar riga da za ta kama gindin bindigar tsam, ba sai an huda katako ba. Sai wurin haɗa su. A cikin kayan aikina akwai maɓallin roba baƙi, irin na jakar goyo, wanda ake matsa gefensa biyu ya buɗe. Na zaɓi mafi kauri na sa. Na kaɗa shi a kusa da kunnensa.

"Kawu, ka ji ƙara?"

"Babu."

"Ba ya tsatsa. Buhun littattafai yake ɗauka. In kuma ka shigo gida, ka matsa nan."

Ya rataya, ya gyara tsawon, ya ɗaga hannuwa ya sauke, ya sunkuya ya miƙe. Fuskarsa ta saki, ya ce rabon da kafaɗarsa ta ji sanyi haka har ya manta. Sannan ya kai hannu baya ya lalubo maɓallin ya matsa. Ya buɗe. Bindigar ta zamo, ya tare ta. Ya tsaya a tsakiyar shagona yana riƙe da ita da hannu biyu, yana duban teburin yanka, yana duban benci, kamar baƙon da bai san inda ake ajiye takalmi ba. Na matsar da yadi na ba shi wuri. Bai ajiye ba. Ya mayar da maɓallin ya danna har ya kama.

"Abin ya yi kyau," ya ce. "Amma reshe ma zai iya matsa shi. In ina rarrafe a cikin ƙaya fa? In ya buɗe a inda bai kamata ba, ba ni kaɗai ba ne. Akwai mata a bayana da yara suna tsinkar wake." Ya miƙo mini. "Ki bi ta kansa da ɗinki. In an gama girbi sai ki farke."

Na buɗe baki zan gaya masa maganar Kaka, sai na ga ya san ta fiye da ni. Yana wurin aka faɗe ta, kuma shi aka faɗa wa.

Ina yarinya na ɗauka Jatau wawa ne, mai taurin kai, labarin kuma gargaɗi ne ga masu irin halinsa. Da na girma na ɗauka Kaka ta yi amfani da mu ne ta roƙi ɗanta abin da ba za ta iya roƙa kai tsaye ba, kuma haka ɗin ne. Amma abin da ya fi zauna mini a rai yanzu shi ne "haka ne" ɗin da ta ce. Tsohuwa ce da ta san gaskiyarta, ta kuma ji gaskiyar ɗanta, ta ga ɗaya ba ta kashe ɗaya. Ta koya mana mu tambayi ta ina ake kwancewa. Ba ta gaya mana abin da mutum zai yi ba in ya san wurin kwancewar, hannunsa na kai, amma wasu na rataye a jikinsa. Ina jin ita ma ba ta sani ba. Kuma ni da nake wannan tunani, waken da na dafa wa 'ya'yana jiya daga gonakin nan ya fito. Ba ni da bakin cewa ya ajiye, ba ni da zuciyar cewa ya ci gaba.

Na karɓi maratayin. Na sa zare mafi ƙarfi da nake da shi, na naɗe maɓallin da guntun igiya na bi ta kai da keke, na dawo, na sake bi. Na yi tunanin in yi ɗinkin sama-sama yadda zai yi saurin farkewa, sai na tuna matan da ke bayansa, na ƙara layi ɗaya. Na yanke zaren na ƙona bakinsa da ashana.

Ya ja da ƙarfinsa, ya ja kuma. Ya dube ni.

"Zai riƙe?"

"Zai riƙe, Kawu."

Ya sa mini albarka, ya naɗe bindigar a buhunta, ya fita ya tsaya a bakin titi yana jiran keke napep. Ɗaliba ta shigo tana tambayar jaka mai aljihu biyu, na ce ta ɗan zauna tukuna.